Haruffan Zenzo Masu Wutsiya

Mijina, Zenzo Mlalazi, bai taɓa rubuta sunansa a jikin aikinsa ba, kuma ba ya buƙata. Ka shiga kowace maƙabarta a Bulawayo, ka tsaya daga bakin ƙofa ka duba dama da hagu, za ka nuna duwatsunsa da yatsa ko ba ka taɓa zama a aji ba. Sauran masu sassaƙa dutsen kabari haruffansu a tsaye suke ƙiƙam, kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Nasa kuwa kowane harafi yana da gefe mai kauri da gefe siriri kamar gashi, yana tsaye a kan 'yan ƙafafunsa, sannan harafin farko na suna sai ya sakar masa wutsiya ta bi ƙarƙashin sunan tana lanƙwasa kamar yaɗon kabewa. Wannan wutsiya ita ta ciyar da mu, ita ta kai 'yarmu Sihle makaranta. Ita ce kuma ta jawo mana abin da zan ba ku labari.

Bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya ɗauka jarumi na aura: a duk unguwar Makokoba babu matsoraci kamar Zenzo. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, yana tsoron tsawa. In hadari ya haɗo sai ya rufe madubi da zane ya zauna a tsakiyar ɗaki yana kallon rufi. Ni ma tsorona yake ji, kuma yana da gaskiya, don bakina ba ya da linzami. Gajere ne mai manyan kunnuwa, kullum da fensir a maƙale a bayan na dama, kullum gashin girarsa fari fat da ƙurar dutse.

Bai fara da dutse ba. Yana saurayi ya yi aiki a ɗakin ɗab'in wani tsoho Ba'indiye a cikin gari, inda ake buga katin aure da na cin abincin manya. Tsohon yana da wasu haruffan dalma da ya taho da su daga ƙetare, yana ajiye su a durowa ta musamman, ba a fito da su sai don aure, ko allon shagon tufafi, ko takardar bikin coci. Ba a buga sanarwar haya da su, ba a buga rasit. Zenzo ya yi shekaru yana goge su yana jerawa har suka zauna masa a ka. Da tsohon ya rufe shago ya tafi da kayansa, Zenzo ya koma wurin masu dutse da haruffan a cikin kansa, ya yi ta fasa duwatsun mutane yana shan zagi har hannunsa ya iya fitar da layi siriri a jikin baƙin dutse ba tare da ya ɓantare ba.

Ni lokacin tumatir nake sayarwa a bakin tasha. Wannan bawan Allah ya yi wata da watanni yana sayen tumatir bai iya ce min komai ba, sai wata safiya ya zo da allo a hammata, ya jingina a teburina ya juya zai gudu. Na duba, sunana ne, MaTshuma, da haruffan aure, wutsiya har tana nannaɗewa.

Na ce, "Kai, dawo nan! Wa ya taɓa ganin tumatir da rubutun amarya? So kake mutane su zaci na ƙara kuɗi?"

Ya ce, yana kallon ƙasa, "Ai ba don tumatir na yi ba."

Shi ke nan maganar neman aurensa, daga farko har ƙarshe. Bayan aure muka kafa namu wurin a bayan gida. Shi ya sassaƙa, ni in bi haruffan da ruwan zinare da ɗan siririn buroshi, don hannuna bai rawa kuma idona ya fi nasa. In mun gama sai mu naɗe dutsen da bargo mu ɗaure, ba mai sake ganinsa sai ranar buɗewa, ranar da dangi za su taru a kabari a yaye bargon a karanta sunan da ƙarfi. Haka muka yi ta zama, ina masifa yana ƙwanƙwasa.

Sai shekarun nan suka zo, shekarun da ake ɗauke mutane. Wanda ya gan su ya sani, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani. Mota ce za ta tsaya da rana tsaka, a ce wa mutum zo ka amsa tambaya yanzu ka dawo. Ba ya dawowa. In uwarsa ta je nema sai a ce mata ai ya tsallaka iyaka, ya tafi neman aiki a kudu. Kuma ba ta isa ta ce ya mutu ba, don in ta ce ya mutu, to wa ya kashe shi? Ba zaman makoki, ba baƙaƙen kaya, ba kuka da ƙarfi. Mata suna shiga gona su yi kukansu cikin masara su share fuska su dawo. Mu da sana'armu ta matattu ce, sai ga matattu sun yi yawa amma ba mai zuwa neman dutse.

A cikin wannan hali muka san Mista Siwela. Ya zo ne kamar kowa, mahaifiyarsa ta rasu yana son dutse. Mutum ne mai tsafta, mai murya ƙasa-ƙasa, kullum cikin kwat ruwan ƙasa ko ana zafi. Ba wanda ya san ofishin da yake aiki, kowa kuma ya sani. Zenzo ya daure ya yi masa dutse mai kyau. Da aka buɗe, Siwela ya yi kuka na gaske, ni na gani da idona. To, da ma a nan abin ya tsaya. Sai mutumin nan ya ɗauke mu abokai. In ya bushi iska sai ya faɗo bayan gidanmu, ya sami dutse ya zauna, in kawo masa shayi da biredi ina murmushin dole, shi kuma yana kallon hannun Zenzo yana tambaya. Me ya sa wannan gefen ya fi kauri? Me ya sa ƙafar wannan ta fi ta wancan? Wallahi ya koyi haruffan nan fiye da 'yar da muka haifa.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta shigo, ta ɗauro bargo a kafaɗa, ƙafafunta duk jar ƙasar ƙauye. Ta ce sunanta MaHadebe, daga wajen Kezi take, ta ga dutsen da Zenzo ya yi wa wani malamin makarantarsu shi ya sa ta biyo tambaya har nan. Na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa.

Zenzo ya kira ta Gogo, wato kaka, ya ce, "Gogo, wa aka rasa?"

Ta ce, "Ɗana, Qhubani. Autana."

"Allah ya ji ƙansa. Yaushe aka binne shi?"

Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta rage murya. "Ba a binne shi ba, ɗana. Mota ce ta zo, yana gyaran shingen shanu. Damina ta wuce, wata ta wuce. Na san ba ya duniya, uwa tana sani. Mun yanka akuya, mun naɗe kan a cikin rigarsa mun binne a bayan gida yadda ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Amma yana zuwa min a mafarki yana tsaye a waje, yana cewa bai ga ƙofar gida ba. Ina so a sa masa dutse da sunansa, ya san inda zai kwanta."

Na ce, "Gogo, ki yi wa Allah ki tashi. Kin san abin da kike roƙo? Dutse da suna da shekarar da aka ɗauke shi? Ai wannan ƙara ce kika shigar, a fili, kowa na gani! Mu ma muna da 'ya."

Ba ta yi gardama ba. Ta fara tattara bargonta za ta miƙe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, gwiwa ta ƙi. Zenzo ya kama ta ya ɗaga. Ina kallon kunnuwansa sun yi ja, na san akwai magana.

Ya ce, "Maman Sihle, akwai dabara. In na yi masa haruffa miƙaƙƙu, marasa ƙafa marasa wutsiya, wa zai ce ni ne? Masu dutse nawa ne a garin nan suke yin irinsu? Ko yaron da ya fara jiya zai iya."

Na ce, "Kai da kake ɓuya in kare ya yi haushi?"

Ya ce, "Ai shi ya sa na ce miƙaƙƙu."

Na yi masifa har na gaji, amma da na zauna na auna sai na ga maganarsa da hankali. Dutse marar wutsiya ba shi da uba. Na yarda, bisa sharaɗin a yi shi da sauri a fitar min da shi daga gida.

Ya ɗauko wani matsakaicin dutse ya yi aikin cikin 'yan kwanaki. Ban taɓa ganin yana aiki haka ba, fuska a murtuke, guduma na sauka da nauyi kamar mai fasa tsakuwa. Da ya gama ya ƙi kallonsa. Ni dai na ga ya yi, ana karantawa sarai: Qhubani Mabhena, shekarar haihuwa, shekarar da aka ɗauke shi. Muka aika Gogo ta zo ta gani kafin a naɗe, don uwa tana da wannan haƙƙin.

Gogo ba ta iya karatu ba. Ta durƙusa ta sa yatsa a cikin harafin farko ta bi shi, ta bi na biyu, ta tsaya.

Ta ce, "Wannan shi ne sunansa?"

Zenzo ya ce, "Shi ne, Gogo."

Ta ce, "Irin wannan rubutun ne a jikin ƙofar motar. Ban san me ya ce ba, amma na kalle shi har motar ta ɓace. Haka yake, a tsaye, baƙi." Ta cire yatsanta ta goge a bargo. "Ba komai, ɗana. Na gode. Na san lokacin da muke ciki. Na malamin makaranta ne na gani na yi kwaɗayi, mai 'yar jelar nan. Amma ai shi malami ne, nawa makiyayi. Wannan ma ya isa."

Da ta yi mana faɗa da ya fi sauƙi. Da ta zage mu da na rama na huce. Sai ta yi godiya, ta ajiye mana ƙwaryar gyaɗa, ta ce za ta turo ƙaninta da amalanken jaki ya tarbi dutsen a tashar ƙauye. Ta tafi. Zenzo bai ci tuwo ba ran nan, ya zauna yana juya fensir a hannu. Ni na naɗe dutsen da kaina na ɗaure tamau na kwantar da shi a gindin katanga.

Kashegari sai ga Siwela. Na hango kwat ɗin daga taga. Ya shigo yana gaisuwa, ya duba wurin zama, duk duwatsun nan da ke bayan gida bai zaɓi kowanne ba sai naɗaɗɗen. Ya zauna daram a kan sunan Qhubani, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya ce, "Mama, yau ba shayi?"

Na kawo shayi.

Ya shafa bargon da tafin hannu. "Wannan na waye, Baba Mlalazi?"

Zenzo ya dube ni. Na yi caraf na ce, "Na wata tsohuwa ne, yallaɓai. An riga an ɗaure. Ka san ba a buɗewa kafin rana, sai mai shi ya biyo wanda ya buɗe."

Ya yi dariya ya ɗauke hannunsa. "A'a, ni ba na wasa da matattu." Ya kurɓi shayi. "Amma ka san wani abu, Baba? Yanzu akwai masu kafa duwatsu a ƙauye a kan kabarin da ba kowa a ciki. Mutum yana can kudu yana shan giya, a nan an rubuta ya mutu. Ɓata sunan ƙasa ne. Muna neman masu sassaƙa su, amma duk rubutun iri ɗaya ne, ka rasa na wa za ka kama." Ya nuna Zenzo da kofin. "Kai kam ba ka da wannan matsala. Naka ko a cikin dubu zan gane shi. Na faɗa wa abokan aikina, na ce Baba Mlalazi ko yana so ba zai iya ɓuya ba."

Ya shanye, ya yaba biredin, ya tafi. Na ce wa Zenzo, "Ka ji ko? Ka ji da manyan kunnuwan nan naka? Gobe-goben nan dutsen nan zai bar gidan nan." Ya gyaɗa kai.

Gobe ta kama Lahadi, ba motar kaya. Na tafi coci da Sihle, shi ya ce kansa na ciwo. Muna dawowa, tun daga kwanar mai sayar da gawayi na ji ƙarar guduma. Shekarun da na yi da mutumin nan, ina iya gaya maka abin da yake sassaƙawa daga sauti kawai. Miƙaƙƙen harafi ƙararsa ƙwal-ƙwal ce, mai nauyi. Wannan kuwa ƙyas-ƙyas-ƙyas ce, ƙanana, a jere, kamar kaza na tsattsagar gero a faranti. Layi siriri ne kaɗai ke yin wannan ƙara. Na tura Sihle gidan maƙwabta na ruga da takalman coci a hannu.

Na same shi a durƙushe a kan mafi kyawun dutsen da muke da shi, wanda ya daɗe yana ɓoyo yana cewa sai babban aiki. Ya zana sunan duka da alli, ya riga ya sassaƙa harafin farko, zagayayye, gefe da kauri sama da ƙasa siriri. Yana kan wutsiya. Ta fito daga gindin harafin, ta bi ƙarƙashin sunan Qhubani gaba ɗaya, ta wuce, ta lanƙwaso ta naɗe. Bai taɓa yin mai tsawonta ba.

Na ce, "Zenzo! Ka haukace? Kashe mu za ka yi?"

Bai ɗago ba. "Kada ki yi ihu, layin zai karkace."

"Layin uwar wa? Mutumin nan jiya-jiya ya zauna a nan ya gaya maka! Ka fi son tsohuwar da ba ka sani ba a kan 'yarka?"

Sai ya ajiye guduma. Hannunsa na rawa, rawa sosai, har ya matse shi a tsakanin cinyoyinsa. Ya ce, "Maman Sihle, tsoro nake ji. Amma ban iya runtsawa ba. Yaron nan abu na ƙarshe da ya gani a ƙofar gidansu rubutun motar nan ne. Yanzu in ya zo neman wurin kwanciya ya tarar da shi a kansa, ya za a yi ya shiga? Ni ba abin da na iya a duniya sai wannan. Na yi wa uwar Siwela. In hana makiyayi?"

Na zage shi, na zagi tsohon Ba'indiyen da ya koya masa, na zagi ranar da na karɓi allon tumatir. Na ce zan kwashe 'yata in koma gidanmu. Ya bari na gama, ya ɗauki guduma. Abin mamaki, da cizal, ƙarfen sassaƙarsa, ya taɓa dutse sai rawar hannun ta tsaya cak.

Ya yi mako yana aikin. Na daina yi masa magana, amma na kafa kujera a ƙofar gida ina tsinke wake ina gadin hanya, in na ga kwat in yi tari. Dutsen mai miƙaƙƙun haruffa kuwa ya farfasa shi muka cike ramin kwata da shi. Da ya gama ya wanke dutsen ya shigo ɗaki ya ce, "In kin bar shi ba zinare, ba mai ganin wutsiyar sai ya matso kusa. Ke kika sani." Na fita na tsaya a kansa. Ina jin haushi, ina jin tsoro, amma ƙarya nake in na ce na taɓa ganin abu mai kyau kamarsa. Ba a taɓa fitar da dutse tsirara daga gidanmu ba. Na ɗauko gwangwani da buroshi na bi kowane harafi, na bi wutsiyar har ƙarshen naɗinta. Duk wanda yake ganin wauta muka yi, ya riƙe ra'ayinsa, ban tambaye shi ba.

Ranar buɗewa mun je, don Zenzo ya ce sai ya kafa shi da hannunsa. Gidan Gogo yana kan tudu, hanyar bas ta bi ta bayansa dab da kabarin, abin da ba wanda ya gaya min. Mutane sun zo ba yawa, suna tsaye nesa-nesa da juna kamar waɗanda suka haɗu bisa kuskure. Fasto ya yi addu'a a gurguje yana waige. Ƙanin Gogo ya kwance igiya ya yaye bargo.

Rana ta bugi zinaren. Gogo ta rarrafa ta sa yatsa a harafin farko, ta zagaya, ta gangaro kan wutsiya ta bi ta a hankali har inda ta naɗe. Sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa irin ta biki, guɗar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Wata mata a bayana ta kama, wata ta kama. Kafin ka ce me, matan ƙauyen nan duka suna kuka da ƙarfi a fili, kowace tana kiran sunan nata. Ni idona na kan hanya. Bas ta zo wucewa ta rage gudu, fuskoki cike da tagogi. Na kama hannun Zenzo.

Daga nan sai jira. Ba na fatan maƙiyina ya yi irin wannan jira. In mota ta tsaya a layinmu sai in ajiye tuwo in leƙa taga. Zenzo ya rame, ya daina fita ko sayen taba. Mako ya wuce, wani ya wuce, har na fara ce wa kaina wataƙila Allah ya rufe idonsu.

Ran wata Talata da safe ina shanya, Siwela ya shigo. Bai nemi shayi ba. A waje mota tana tsaye ba a kashe ta ba, da rubutu miƙaƙƙe baƙi a jikin ƙofa.

Ya ce, "Baba Mlalazi, na je Kezi. Kai, ka yi aiki! Na tsaya na daɗe ina kallo." Ya gyara wuyan kwat. "Sai dai na ji ɗan haushi. Wutsiyar ta fi ta mahaifiyata tsawo."

Zenzo ya ce, "Sunan ne ya fi tsawo, yallaɓai."

"To. Zo mu je ka yi mana bayani. Yanzu za ka dawo."

Na faɗi na kama ƙafar Siwela. Ni, MaTshuma, da ban taɓa durƙusa wa namiji ba. Na ce ni na shafa zinaren, ni za a ɗauka. Ya janye ƙafarsa a hankali ya ce, "Haba Mama, kowa na iya shafa fenti."

Zenzo ya wanke hannu a bokiti, ya goge a wando. Ya cire fensir daga bayan kunne ya dube shi, ya mayar. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Maman Sihle, kin bar gwangwanin zinare a buɗe, zai bushe." Ya shiga motar.

Na je duk inda ake zuwa. An ce min ya tsallaka iyaka. Zenzo, da ba ya iya tsallaka kwata in akwai kare a ɗaya gefen!

Yanzu zamani ya sauya, na'ura ke yanka duwatsu. Sihle ta girma, ta yi ta kawo min hotunan haruffa iri-iri a wayarta, wai in zaɓa a yi wa babanta dutse. Akwai masu ƙafa, akwai masu jela, wasu har sun fi nasa ado. Na duba na ce ta bari. Duk wutsiyoyin tsawonsu ɗaya, ko sunan waye. Shi kuwa sai ya tambayi uwar mamaci yadda ɗanta yake tafiya kafin ya ja layi.

Dutsen Qhubani yana nan, ba su taɓa shi ba. Ina ganin tsoron matattu ne ya hana su. Gogo ta rasu, an kwantar da ita kusa da shi. Kafin ta rasu ta gaya min yaron ya daina zuwa mata a mafarki.

Nawa bai daina ba. Yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa da fensir a kunne, bai cewa komai, kamar dai lokacin tumatir. Ba ni da kabarin da zan nuna masa. Shi ya sa kowace shekara in ruwa ya ɗauke nake hawa bas in tafi Kezi da gwangwani da buroshi a jaka. In share ciyawa, in wanke dutsen, in durƙusa a kan kan akuya da rigar ɗan wata uwa, in bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Mutanen ƙauyen sun san ni, ba sa tambaya, sukan kawo min ruwa su koma. Idona ya fara rauni, hannuna ma ya fara rawa, don haka wutsiyar nake bari a ƙarshe, in huta tukuna. A nan ne cizal ɗinsa ya fi daɗewa, a nan nake gaishe shi in gaya masa labarin Sihle da jikokinsa. In na gama sai in rufe gwangwanin da kyau kafin in tashi.